Matar da Ta Tafi Bikon Mijinta Har Himalaya

Goggona ce ta raɗa wa fim ɗin sunan da har yau nake kiransa da shi. Muna zaune a ɗakinta bayan sallar isha'i, cikin hunturu, na ɗora kwamfuta a kan kujera 'yar tsugunno, ina karanta fassarar da ke fitowa a ƙasan allo ina mayar mata da ita Hausa. Labari bai yi nisa ba ta ɗaga hannu.

"Tsaya, 'yar nan. Mijin ne ya sa hannu a takardar rabuwa ya fice?"

Na ce, "Shi ne, Goggo."

"Ita kuma ta ɗauki jaka ta bi shi?"

"Haka aka yi."

Ta gyara mayafinta ta ce, "To ai wannan biko ne, sai dai an juya shi. Namiji ya yi yaji, mace ta tafi biko."

Goggo ta san finafinan Indiya tun zamanin Dharmendra da Hema Malini, tun ana haɗa kuɗi a karɓo kaset haya. Ta ga mata sun yi kuka a gidan miji, ta ga sun yi rawa a gindin bishiya, ta ga an kore su cikin ruwan sama da tsohon ciki. Abin da ba ta taɓa gani ba shi ne matar aure ta yanki tikitin mota da hannunta, ta zauna, ta nufi garin da ba ta san kowa ba. Wannan ne ya hana ta gyangyaɗi a daren. Ni ma shi ya sa na sake kallon fim ɗin har sau biyu ni kaɗai, don in tantance abin da ya kama zuciyata a cikinsa da abin da ya riƙa sosa min rai.

Sunan fim ɗin Rani Padmini. Ya fito a watan Oktoban 2015, Aashiq Abu ne ya ba da umarni, Syam Pushkaran da Ravi Shankar suka rubuta labarin. Ba daga Mumbai ya fito ba, inda ake yin finafinan harshen Hindi da muka fi sani. Na jihar Kerala ne, wata siririyar ƙasa da ke kwance a bakin teku can kudu maso yammacin Indiya, mai mutum wajen miliyan 33 a ƙidayar 2011, masu magana da harshen Malayalam. Wanda ya yi sakandare a Arewa cikin shekarun 1970 da 1980 mai yiwuwa ya zauna gaban mutumin Kerala bai sani ba, domin da dama daga malaman Indiya da suka koyar da lissafi da kimiyya a lokacin daga can suka zo. Masana'antar fim ɗinsu ba ta kai ta Mumbai kuɗi ba, amma ta yi suna wajen labari mai kama da zaman duniya: jarumi da tumbinsa, tsakar gida da kwanukan wanke-wanke, rigima a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

A waccan ƙidayar ta 2011, Kerala ta fi kowace jihar Indiya yawan masu karatu da rubutu, kusan kashi 94 cikin 100, kuma mata sun fi maza yawa, 1,084 a kan kowane maza 1,000. Ma'aikatan jinya 'yan Kerala sun cika asibitocin Delhi da Dubai da Riyad da Landan. Ke nan macen Kerala ta daɗe tana tafiya, sai dai tafiyar cin rani ce, ta neman abin da za a aika gida. A fim kuwa, duk wanda aka ga ya hau hanya don buƙatar ransa, namiji ne. A 2013 an yi Neelakasham Pachakadal Chuvanna Bhoomi, inda Dulquer Salmaan da Sunny Wayne suka hau babura daga Kerala har Nagaland a kan maganar wata budurwa, kuma samarin jihar sun rungumi fim ɗin hannu biyu. Shekara biyu bayan haka Aashiq Abu ya ɗauki irin wannan hanya ya damƙa wa mata biyu.

Padmini, wadda Manju Warrier ta fito a matsayinta, 'yar gidan masu maganin gargajiya na Ayurveda ce, ta tashi a Kerala cikin korayen itatuwa da ruwan sama, ta kuma koyi sana'ar gidansu. A Malayalam akwai kalmomi biyu da ake jera wa 'ya mace tun tana ƙarama, adakkam da othukkam, wato kamun kai da takurewa wuri guda. Mu nan ranar kai amarya mukan ce mata yi na yi, bari na bari. A kan wannan aka tashi Padmini, da shi kuma ta shiga gidan Giri, direban tseren motoci da ke zaune a Delhi tare da mahaifiyarsa. Uwar miji ba ta son a raba ta da ɗanta, ba ta kuma son surukarta ta fita aiki. Da rikici ya yi ƙamari aka kawo takardun rabuwa, Giri ya sa hannu, ya kama hanyar tsaunukan Himalaya inda ake tsere, bai zaunar da matarsa ya yi mata bayani ba. A nan sai da na yi wa Goggo ƙarin haske, don ita a saninta takarda in ta fita hannun miji magana ta ƙare. A dokar auren mabiya addinin Hindu ta 1955, sa hannun miji kaɗai ba ya kashe aure, kotu ce ke raba shi. Saboda haka igiyar auren Padmini tana nan, tana lilo, ranar da ta fita daga gidan.

Rani kuwa, wadda Rima Kallingal ta taka, asalinta Kerala amma tashin Delhi ce. Tana zaune da uwarta da kakarta a unguwar marasa ƙarfi, ita ke fafutukar abin sawa a baka, ba ta kuma samun ko sannu. Shigarta ta maza-maza ce, bakinta ba ya shiru, Hindi da Malayalam duk tana zuba su yadda ta ga dama. Ta taka sawun wani shugaban 'yan daba mai suna Raja, dole ta bar gari. A motar safa mai tafiyar dare daga Delhi zuwa Manali, tafiyar kilomita ɗari biyar da ɗoriya, suka haɗu: ɗaya tana bin namiji, ɗaya namiji na bin ta.

Sunan fim ɗin kansa akwai magana a ciki. Rani a can yana nufin sarauniya, ba ruwansa da ranin da muka sani. Rani Padmini kuma sunan sarauniyar Chittor ce ta cikin almara, wadda mawaƙi Malik Muhammad Jayasi ya ba da labarinta a 1540, aka ce ta faɗa wuta tare da matan fada don kada su shiga hannun Sarki Alauddin Khalji, wanda ya ci garin a 1303. Masu kallo a nan sun san ta ta fim ɗin Padmaavat na 2018, inda Deepika Padukone ta fito. Shekaru aru-aru ana nuna wa 'yan matan Indiya wannan sarauniya a matsayin abin koyi: mace ta gari ita ce wadda ta zaɓi toka a kan ta taka waje. Aashiq Abu ya ɗauki sunan ya raba shi biyu, ya ba wa wata rabi, wata rabi, ya sa su a mota. A ganina wannan dabarar ta fi duk jawaban da aka yi a cikin fim ɗin kaifi.

Inda fim ɗin ya ci tuta shi ne tsakanin matan nan biyu. Ba su fara da son juna ba. Padmini tana ganin Rani mara tarbiyya, Rani tana ganin Padmini 'yar gata wadda ba ta san gari ba, irin wadda za a iya ci da guminta. Sun yi cacar baki, sun yi fushi, kowacce ta ɓoye wa 'yar'uwarta gaskiyar abin da ya fito da ita. Sannu a hankali sanyi da yunwa da tsoro suka haɗa su, har ta kai in ɗaya ta yi tuntuɓe ɗayar ce ke miƙa hannu tun kafin a kira ta. Kuma duk tsawon fim ɗin ba a taɓa sa su kishi a kan namiji ɗaya ba. Wanda ya saba da finafinanmu da na Mumbai ya san girman wannan. In aka ga manyan jarumai mata biyu a fosta ɗaya, kafin a kunna an san kishiyoyi ne, ko ɗaya ta gari ɗaya 'yar duniya, a ƙarshe a hukunta ɗaya a saka wa ɗaya. A nan babu wadda aka ɗaga don a kayar da ɗayar. Padmini ta koyi ɗaga murya a wurin Rani, Rani ta koyi yarda da mutum a wurin Padmini, kuma babu wadda ta rikiɗe ta zama 'yar'uwarta.

Na yarda da wannan ƙawance ne saboda na taɓa ɗanɗana irinsa. Tafiyata ta farko ni kaɗai ita ce ta bautar ƙasa, daga Kano zuwa Yola. A kujerar baya aka haɗa ni da wata mata mai fataucin atamfa, ta jibga ƙunshinta a kan ƙafafuna, tun daga tasha nake cika ina batsewa. Bayan mun wuce Gombe, wajen Kaltungo, mota ta lalace ana kiran magariba. Matar nan da ban ko gaishe ta da kyau ba ita ta kama hannuna ta kai ni inda zan yi alwala, ta tsaya ta kare ni da mayafinta, ta buɗe ledar dambun nama ta ce, "Ci, ƙanwata, dare ya yi mana a nan." Kafin a gama gyara ta ba ni labarin aurenta, irin labarin da na tabbata ko 'yar uwarta ciki ɗaya ba ta ji ba, don ta san gobe ba za mu sake haɗuwa ba. A tashar Yola muka rabu, ko lambar waya ba mu karɓa ba. Hanya tana yi wa mata wannan, tana kwance musu harshe. Marubutan Rani Padmini, duk da maza ne, sun gane haka, kuma fitowar da ta fi daɗi a fim ɗin ita ce duk inda aka bar matan nan su biyu suna hira ba mai katse su.

Manju Warrier ta kawo wa rawar Padmini wani nauyi da ba a rubuta a takarda ba. Ta shiga fim a tsakiyar shekarun 1990, cikin 'yan shekaru ta yi finafinai wajen ashirin, ta ci lambar gwarzuwar jaruma ta jihar Kerala, sannan ta auri jarumi Dileep a 1998, ta bar harkar tana kan ganiyarta. Sai 2014 ta dawo da fim ɗin How Old Are You, aurenta kuma ya mutu a farkon 2015, shekarar da Rani Padmini ya fito. Duk mutumin Kerala da ya shiga silima ya ga Padmini ta jawo ƙofar gidan miji ta fita, ya san wadda yake kallo. Manju ba ta yi wasan da kururuwa ba. Tsoron Padmini a kafaɗunta yake, a yadda take ƙanƙame jaka, a yadda take neman izini da ido kafin ta yi magana. Can gaba, in ka lura, kafaɗun sun sauka, tafiyarta ta buɗe. Rima Kallingal, wadda ta ci lambar jihar da fim ɗin 22 Female Kottayam na 2012, mai rawa ce tun asali, kuma jikinta ya nuna: yadda Rani ke zama, yadda take tsalle, yadda take gudu. Wani lokaci takan zarce gona da iri wajen nuna taurin kai, har ka ji kana kallon wasa ne. Amma inda Rani ta yi shiru aka ga marainiyar da ke ƙarƙashin tsiwar, Rima ta biya bashin.

Sai kuma ƙasar da suka ratsa. Madhu Neelakandan ne ya ɗauki hoton, kuma ya san abin da dusar ƙanƙara take nufi ga mutumin da ya tashi a bakin teku cikin zufa da bishiyar kwakwa. Manali tana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,000. Daga nan hanya ke hawa zuwa Leh, mai kusan mita 3,500, ta ratsa mashigai da suka haura mita 5,000, kuma watanni kaɗan take buɗewa a shekara. Kyamara takan ja baya har matan su koma kamar tururuwa biyu a gindin dutse, sannan ta matso ta nuna leɓe ya tsage da sanyi. A Delhi an matse Padmini tsakanin bango da labule, a tsauni an sakar mata sarari. Kiɗan Bijibal bai yi hayaniya ba, ya bar iska ta yi magana. Akwai inda suka tashi sama da lemar nan da ake shawagi da ita daga kan dutse. Goggo ta dafe ƙirji tana salati, ni kuwa idona ya kawo ruwa, don na tuna yarinyar da aka ce ta takure wuri guda.

To amma fim ɗin yana da rauni, kuma duk inda raunin yake, in ka duba, namiji ne a wurin.

Raja da yaransa su ne matsala ta farko. An gabatar da shi a matsayin bos mai ban tsoro wanda hukuma ke nema, amma da tafiya ta yi tafiya sai shi da yaransa suka koma 'yan ban dariya, suna bin mata biyu daga gari zuwa gari kamar masu wasan ɓuya. Na fahimci abin da darakta ke gudu. A Disambar 2012 aka yi wa wata ɗaliba fyaɗen da ya yi ajalinta a cikin motar safa a Delhi, abin da ya girgiza Indiya gaba ɗaya, kuma a farkon 2015 fim ɗin NH10 na Anushka Sharma ya nuna babbar hanya a matsayin mahallaka ga mace. Finafinan da suka gabata ma sun saba hukunta matan da suka fita. A Thelma and Louise na Amurka, na 1991, matan biyu sun ƙare da tura motarsu cikin ƙwazazzabo. A Kerala kanta, fim ɗin darakta Padmarajan na 1986, Deshadanakkili Karayarilla, ya bi 'yan makaranta biyu da suka gudu, ya ƙare da gawarwakinsu. Aashiq Abu ya ƙi bin wannan sawu. Matansa sun fita, sun dawo da ransu da mutuncinsu, kuma na gode masa da haka har zuciyata. Sai dai jarumta tana bukatar abin tsoro na gaske kafin ta amsa sunanta. Idan kura ta zama ta wasan yara, wanda ya kore ta ba ya samun kirari. Ya kamata a ce ko dai an cire 'yan daban nan gaba ɗaya an bar hanya da sanyi da rashin kuɗi su zama abokan gaba, ko kuma a ba su haƙora.

Haka ɗan jaridar talabijin da mai ɗaukar masa hoto, waɗanda Dileesh Pothan da Soubin Shahir suka taka. Suna da ban dariya ƙwarai, ba na musu. Soubin ɗin nan shi ne daga baya ya ja fim ɗin Sudani from Nigeria na 2018 tare da ɗan Najeriya Samuel Abiola Robinson. Amma bayan hutun rabin lokaci labari ya saki jiki, aka riƙa cike gurbi da su da wasu matafiya da ake haɗuwa da su a rabu ba tare da sun bar komai ba. Fim ɗin ya haura awa biyu, kuma da mai tace hoto ya rage minti ashirin daga rabi na biyu, da ba abin da za a rasa. Uwar mijin ma an yi mata fenti da launi ɗaya. Sajitha Madathil, wadda ta fito a matsayinta, gwanar wasa ce, amma ba a ba ta komai ba sai ɗaure fuska. Mace ba ta wayi gari haka kawai ta ƙi surukarta, ruwa ba ya tsami banza. Fim ɗin da ya zo don ya fahimci mata ya kamata ya tsaya ko na minti biyu ya duba tsoron tsohuwar da ɗanta ɗaya ke wasa da ransa a bakin rami.

Babban raunin shi ne Giri. Jinu Joseph, wanda ya taka shi, ya yi abin da aka ba shi, amma abin da aka ba shi bai cika cokali ba. Mutumin da mace ta ratsa rabin ƙasa ta hau tsauni dominsa, mai kallo bai san shi ba. Ba mu ga abin da ya sa ta ƙaunace shi haka ba, ba mu ga ya yi kokawa da zuciyarsa kafin ya sa hannu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar gidan nan ba uwar miji ba ce, shirun Giri ne. Duk da haka, da aka zo ƙarshe aka sasanta, ba a tsayar da shi ya amsa laifinsa yadda ya kamata ba.

A kan wannan muka yi sa-in-sa da Goggo bayan fim ya ƙare. Ita ta ji daɗi. Ta ce, "Alhamdu lillahi, aure bai mutu ba. Me kuma kike so?"

Na ce, "Goggo, ba mutuwar auren nake so ba. Amma ke kika ce biko ne. In mace ta yi yaji, miji ya zo biko, haka kawai ake ɗaukarta a ba shi?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "A'a. Sai an zaunar da shi gaban manya, an faɗa masa laifinsa, ya sunkuyar da kai. Wani lokaci sai ya yi sawu biyu ko uku."

Na ce, "To ita wannan ita aka yi wa laifi, ita ta yi sawun, ita ta sha sanyin. Shi me ya biya?"

Goggo ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce, "Bai biya komai ba. Amma ki lura, wadda ta koma gidan ba ita ce ta fita ba. Wannan ta ga hanya. Gobe in ya sake, ya san ta san inda tasha take."

Na yi ta juya maganar nan kwana da kwanaki. Goggo ta ga abin da ban gani ba, kuma da shi fim ɗin zai iya kare kansa. Duk da haka ban sauka daga ra'ayina ba. Marubutan sun ba Padmini ƙafafu amma sun hana ta tambaya mai zafi, wadda duk macen da ke kallo take jira ta ji an yi. Maimakon haka sai aka rufe da nasiha a fili game da barin 'ya'ya mata su tashi sama, nasihar da hotuna sun riga sun gama yin ta tun a kan dutse. Abin da ido ya gani ba ya bukatar mai shela.

Wanda zai auna fim ɗin nan da adalci sai ya san ƙasar da ya tsiro a kai. Jarumar farko a tarihin finafinan Malayalam ita ce P. K. Rosy, wadda ta fito a Vigathakumaran na J. C. Daniel wajen shekarar 1930. 'Yar ƙasƙantaccen jinsi ce a tsarin dangantakar Indiya, ta kuma fito a matsayin matar babban jinsi. Saboda wannan kaɗai aka yi mata ca, aka ƙona gidansu, kuma yadda ake ba da labari, a cikin babbar motar kaya ta tsere zuwa yankin Tamil, ba ta sake fitowa a fim ba har ta rasu. Tafiyar farko da wata jarumar Kerala ta yi a kan hanya ke nan, gudun tsira. Shekara tamanin da wani abu bayan haka aka ga mata biyu a fosta, ba wani babban jarumi a bayansu, sunayensu ne sunan fim. A kasuwa bai kama ƙafar Premam ba, fim ɗin soyayyar samari da ya mamaye Kerala a shekarar, amma an yi shi, kuma ya shiga silima.

Matan biyu ba a allo kaɗai suka tsaya tare ba. A watan Fabrairun 2017 aka sace wata jaruma aka ci zarafinta a cikin mota kusa da birnin Kochi na Kerala. Manju Warrier da Rima Kallingal suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mata masu harkar fim ta Women in Cinema Collective a shekarar, kuma matsin lambarsu ya sa gwamnatin jihar ta naɗa kwamitin Mai Shari'a Hema don binciken halin da mata ke ciki a masana'antar. An miƙa rahoton a ƙarshen 2019, bai fito fili ba sai Agustan 2024, ya kuma tona cin zarafi da wariyar albashi, har da rashin banɗaki ga mata a wuraren ɗaukar fim. Rima ta taɓa ba da labari a wani taro cewa tun tana yarinya ta fara tambaya, ranar da aka soya kifi a gidansu aka raba wa babba da maza aka tsallake ta. An yi mata dariya sosai a intanet a kan wannan magana. Ni ban ga abin dariya ba, don na san gidajen da ake raba nama haka.

Hukuncina shi ne Rani Padmini fim ne mai kyau wanda ya kusa zama babba, ya tsaya a rabin tsauni. Duk inda matan biyu suke su kaɗai da hanya, zinariya ne. Duk inda ya waiwaya ya nemi bos ko miji ko mai ban dariya don ya riƙe mai kallo, sai ya yi sanyi. Da masu shi sun yarda cewa mata biyu da doguwar hanya sun isa fim, da yau ana lissafa shi cikin manyan finafinan Kerala.

Ga masu fassara mana finafinan Indiya zuwa Hausa kuwa, ina da roƙo. Mun ƙoshi da jarumin da ke dukan mutum hamsin shi kaɗai. Ku nemo wannan ku sa masa murya, ku zaɓo mata biyu masu iya magana su riƙe Rani da Padmini. Goggo ta ce in an fassara a kawo mata, tana so ta kalla da kunnenta, ba sai na tsaya a tsakani ba.